Yadda ake wasa tsinken dirilin dannawa ba tare da an kashe shi ba

Tambaya: Baba, ni kafinta ne a Jos, shagona na wajen Unguwar Rogo. Maigidana da ya koya min aiki ya bar min wani tsohon dirilin hannu, irin wanda ake dannawa ya juya da kansa. An rubuta Yankee a jikinsa, kuma tsinkayensa a cikin mariƙin ake ajiye su. Biyar suka rage, duk sun dakushe, sai na yi ta dannawa kafin su shiga madaci. Na kai ɗaya wurin mai injin washi, ya dawo min da shi bakin ya yi shuɗi, yanzu ma ya fi da lalacewa. Yaya ake wasa su? Kuma wanda ya yi shuɗin zai gyaru?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, sauran huɗun nan kada ko ɗaya ya sake zuwa kusa da injin washi. Da hannu ake wasa su, a kan dutse mai laushi, kuma abin da ake taɓawa bai wuce 'yan fuskoki biyun nan da ke can ƙarshen bakin ba. Ƙarfen da za ka cire daga kowanne tsinke bai kai kaurin takardar littafi ba. Mai injin bai yi da mugunta ba, adda da gatari da wuƙar mahauta ya saba da su, ya ɗauki abin da bai kai ashana kauri ba ya ɗora a kan dutsen da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya.

Ya kamata ka san abin da ke hannunka, domin shi zai sa ka yi tsumulmular ƙarfen. Kamfanin North Brothers na birnin Filadelfiya a Amurka ne ya fito da kayan aiki masu sunan Yankee, daga baya kamfanin Stanley ya saye shi a 1946 ya ci gaba da yin su da sunan. Wanda ya fi yawo a duniya shi ne mai lamba 41, kuma daga yadda ka kwatanta naka ina kyautata zaton shi ne. Da tsinkaye takwas yake zuwa, daga 1/16 na inci zuwa 11/64, wato daga kimanin milimita 1.6 zuwa 4.4. Akwai wasu kamfanonin da suka yi irinsa, kamar Millers Falls da Goodell-Pratt, waɗanda suka haɗe a 1931, amma gindin tsinken wannan ba lallai ya shiga bakin wancan ba. Na Yankee yana da ɗan yanka a can ƙarshen gindin da kuma ɗan gurbi a gefe inda wani ɗan ƙwallon ƙarfe ke faɗawa ya riƙe shi. Ko sukudireban Yankee mai murɗawa, wanda mutane ke ɗauka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, gindin bakinsa ya fi wannan kauri. Shi ya sa za ka zagaye kasuwannin Taminus da Dilimi ka ga tsinken dirilin lantarki buhu-buhu, amma da wuya ka ci karo da irin naka. Shi dirilin kansa ba ya mutuwa da sauƙi. Tsinkayen ne ke ƙarewa.

Ɗauki babban cikinsu ka dube shi a hasken rana. Ba murɗaɗɗe ba ne irin na dirilin lantarki. Kwarmi biyu gare shi a miƙe, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, sun taso daga wajen gindi sun ƙare a baki. Da gangan aka yi shi haka. Idan ka danna mariƙin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki yana juya tsinken zuwa dama ya yanka katako. Idan ka sassauta, sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, ya ɗago mariƙin, tsinken ya juya baya ya sassauto da garin katakon da ya taru. Murɗaɗɗen tsinke yana da halin jan kansa cikin katako kamar sukuru, to a nan wannan halin matsala ne, domin sai ya cije sifirin ya kasa dawo da mariƙin. Mai miƙaƙƙen kwarmi ba ya ja, iya yadda ka danna iya yadda zai shiga, kuma bai cika tsaga katako ba ko da kusa da gefe ne. Wannan ne ya sa har yau babu abin da ya fi shi daɗin huda gurbin sukurun hinji ko na makullin durowa.

Yanzu juyo bakin ya kalle ka. Za ka ga fuskoki biyu a karkace, sun haɗu a tsakiya sun yi ɗan gajeren layi. Kowace fuska tana da gaba da baya. Gabanta shi ne inda ta haɗu da bangon kwarmi, gefen da ke fara cin katako idan tsinken na juyawa dama, nan ne kaifin yake. Bayanta kuwa dole ya fi gaban yin ƙasa kaɗan, da kimanin digiri 10 zuwa 15. Wannan ɗan gangaren shi ne ran tsinken gaba ɗaya. In babu shi, bayan fuskar ne zai riƙa gogar katako ya tokare kaifin, ka yi ta dannawa har kafaɗa ta yi ciwo, ramin ya yi santsi yana ƙyalli amma ba ya zurfi. Na ga tsinkaye da yawa da aka wasa suka yi kaifin da zai yanki yatsa amma ba sa huda ko melina, don kawai wanda ya wasa su ya goge gangaren.

Gefen tsinken, wato kewayensa, haramun ne ka kai masa dutse. Shi ne ke ba da faɗin rami. Ka goge shi, tsinken ya zama siriri a baki mai kauri a baya, ya riƙa cijewa a cikin ramin da shi da kansa ya huda.

Kafin washi, wanke su. Sau da yawa abin da ake kira dakushewa rabi datti ne: ƙaron katako da tsatsa sun cika kwarmin, gari ba ya samun hanyar fita. Jiƙa su a kananzir, ka bi kwarmin da tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori. Inda tsatsa ta kama, naɗe 'yar samfefa mai laushi a jikin ƙaramar ƙusa ka goge cikin kwarmin a tsaye, daga gindi zuwa baki. Sai ka gangara kowanne a kan gilashi. Wanda ya miƙe zai gangara sumul, wanda ya lanƙwashe za ka ga bakinsa na ɗagawa yana sauka. Lanƙwasasshen tsinke ko an wasa shi rami mai faɗi zai riƙa yi, kuma ƙanana in ka ce za ka miƙar da su da guduma yawanci karyewa suke. Shi ma dirilin ka ɗiga masa man keken ɗinki a jikin murɗaɗɗen ƙarfen. Ƙurar hunturun Jos in ta haɗu da tsohon mai tana zama kamar taɓo a ciki, ka ɗauka tsinke ne ya ƙi ci alhali dirilin ne ke juyawa da ƙyar.

Kayan washin ba masu tsada ba ne. Dutsen mai fuska biyu da kake wasa kurfi da bakin filen da shi zai yi, amma da sharaɗi biyu. Fuskar mai laushi kaɗai za ka yi amfani da ita, kuma ba tsakiyarta ba, domin na san ta riga ta yi kwari saboda aiki. Juya dutsen ka yi aiki a kan kaurinsa, wato gefen da ba a taɓa amfani da shi ba, nan ne yake a shimfiɗe daidai. Ni dai na fi son baƙar samfefar nan ta masu fentin mota, wadda ake jiƙawa da ruwa. Sayi lamba 400 da 600 da 1000, wato daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi, ka yanka ƙanana ka manna su a kan ɓallin gilashin taga mai kauri. In kana da farantin washi mai ƙurar daimon, to ya fi duka, ba ya yin kwari kuma yana cin ƙarfe mai tauri ba gardama. A kan dutse sa kananzir da ɗan man keke. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su toshe idon dutsen. Sai baƙar maka, irin wadda ake rubutu a jikin kwali da ita, da gilashin ƙara girma na masu gyaran agogo ko waya. In babu, kyamarar wayarka ta isa, matso da hoton ka ɗauka ka duba.

Fara da mafi girma, domin a jikinsa ne idonka zai ga abin da hannunka ke yi. Shafa wa fuskokin biyu baƙar maka har su yi baƙi ƙirin. Riƙe tsinken kamar yadda kake riƙe biro, amma kusa da baki sosai, yatsunka kamar inci ɗaya daga dutsen, gefen tafin hannunka a kafe a kan benci. Ɗora fuska ɗaya a kan dutsen ka ɗan motsa ta a hankali, gaba da baya, hagu da dama, har ka ji ta zauna daram. Ana jin wannan zaman a yatsa, wani ɗan tsayawa ne da tsinken ke yi idan fuskar ta kwanta gaba ɗayanta. Daga nan ja shi sau ɗaya tak, tsawon kamar inci biyu, ba da ƙarfi ba. Ɗaga ka duba.

Abin da baƙin ya nuna maka shi ne malaminka. In ya goge daga gaba har baya, hannunka ya dace, ci gaba a haka. In baya kaɗai ya goge, gaban na nan baƙi, ba laifi ba ne babba, ka ɗan ƙara gangare ne, sai ka murza tsinken kaɗan a yatsunka zuwa wajen kaifi. Amma in gaban kaɗai ya goge, bakin kaifin ya yi fari bayan na nan baƙi, tsaya nan take. Wannan ita ce hanyar kashe gangaren, ja uku ko huɗu a haka sun isa su mayar da tsinken abin goge katako. Sake shafa maka, sake neman zaman.

Idan ka samu zaman, ja sau biyar, juya tsinken rabin zagaye, ja ɗaya fuskar sau biyar da nauyin hannu iri ɗaya. Ƙirga da baki in ta kama, babu kunya a ciki. Dalilin ƙirgar shi ne dole kaifin biyu su zama tsawonsu ɗaya, karkatarsu ɗaya, tsinin ya zauna a tsakiya cif. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tsinin ya koma gefe, tsinken zai riƙa juyawa a kan wannan tsinin ba a kan tsakiyarsa ba, ramin ya fi tsinken faɗi, sukuru ya ƙi kamawa. In kuma tsawonsu ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya tsayuwa, shi kaɗai zai yi aikin, ya dakushe da wuri. Bayan kowane zagaye ɗaga tsinken a tsaye tsakaninka da haske, kaifin biyu ɗaya a hagu ɗaya a dama, ka duba kafaɗunsu ko sun yi daidai.

Yaushe za ka daina? Dubi bakin kaifin da gilashi a ƙarƙashin haske. Dakusasshen kaifi yana mayar da haske, za ka ga ɗan farin zare yana ƙyalli a kan bakin, musamman a kusurwar waje inda kaifin ya haɗu da kewaye, domin nan ne ya fi yin tafiya a kowane juyi kuma nan ne ke fara cinyewa. Kaifi na gaske ba ya ƙyalli, layi ne kawai da ba ka iya ganin kaurinsa. Da zarar farin zaren ya ɓace har zuwa kusurwar, ka gama da lamba 400 ko 600, koma 1000 ka ja sau uku-uku. Ƙari a kan haka asarar ƙarfe ce.

Za ka ji wani ɗan siririn ƙarfe ya lanƙwaso cikin kwarmin in ka shafa farce. Ninke samfefa 1000 gida biyu, ka sa bakin ninkin a cikin kwarmin a kwance da bangonsa, ka ja zuwa waje sau ɗaya ko biyu. A kwance fa, kada ka ɗaga ta ka dakusar da bakin kaifin da ka gama wahala a kansa. Wasu ma soka tsinken kawai suke yi a kan guntun katako mai tauri su juya, ya kakkaɓe da kansa, kuma wannan ma ya wadatar.

Na san hannu ba ya zama a rana ɗaya, kuma tsinkayenka ba su da yawan da za ka yi koyo a kansu. Don haka ga dabarar da nake ba yara. Samo guntun katako mai tauri, madaci ko madobiya, kamar girman akwatin ashana biyu a haɗe, ƙasansa a goge daidai. Huda rami ya ratsa shi a karkace, yadda tsakanin ramin da ƙasan katakon zai zama digiri 60. Ba sai ka nemi wani ma'auni na musamman ba, aro akwatin lissafin ɗan makaranta, a ciki akwai 'yan robobi biyu masu kusurwa uku, ɗaya tana da 60 da 30, ɗaya tana da 45. Jingina ta ka huda. Ramin ya kama tsinken tsam, ba ya rawa. Zura tsinken har bakinsa ya leƙo ta ƙasa da ɗan kaɗan, abin da farce zai ji kawai. A gindin tsinken manna ɗan salatif ya tsaya kamar tuta. Murza tsinken a cikin ramin har fuskar ta kwanta a kan samfefa, baƙin maka ya tabbatar maka, sai ka yi alama da fensir a kan katakon inda tutar ta nuna, ka yi wata alamar daura da ita a ɗaya ɓangaren. Shi ke nan, ka danne tsinken da babban yatsa, ka ja katakon gaba ɗaya a kan samfefar, ka juya tutar zuwa alama ta biyu ka maimaita. Katakon zai riƙa cinyewa tare da ƙarfen, ba komai, in ya lalace ka yi wani. Kowane tsinke da nasa ramin, ka jera su a katako ɗaya.

Wannan 60 ɗin ba daga ka na ɗauko ta ba. Bakin tsinken dirili na gama-gari digiri 118 ne daga kaifi zuwa kaifi, rabinsa 59, kusan 60 ke nan. In kana son gwada bakin bayan ka gama, haɗa noti biyu masu gefe shida kafaɗa da kafaɗa, lungun da ke tsakaninsu digiri 120 ne, sa bakin tsinken a ciki ka duba ta haske. Amma in fuskokin tsinkenka na asali suna nan ba a ɓata su ba, bi su yadda suke, ko da ba su yi daidai da notin ba. Wanda ya ƙera shi ya fi mu sanin abin da ya nufa, kuma bin tsohuwar fuska ya fi kowace hanya tattalin ƙarfe. Sai wanda ya karye ko aka ɓata ne za ka zaɓa masa kusurwa. A nan ra'ayina shi ne, ga mai aikin katako zalla, baki mai ɗan tsini, wajen digiri 90, ya fi daɗi. Yana zama a kan alamar fensir ba ya zamewa, yana shiga obeche da afara da melina ba wahala. Kuɗin da za ka biya shi ne tsinin ya fi saurin cinyewa a katako mai tauri. Tunda ka ambaci madaci, kuma na san Kasuwar Katako ba ta rasa loko da ƙirya, ka bar manyan a kan 118, ka yi wa ɗaya daga cikin matsakaitan 90 don aikin katako mai laushi. Robar 45 ɗin nan ita za ta ba ka ramin.

Gwaji a kan katako ake yi, ba a kan yatsa ba. Sa tsinken a dirili, ɗauki guntun farin katako, danna sau uku ko huɗu ba tare da ka jingina nauyinka ba. Tsinke mai kyau zai kama tun dannawar farko, kuma in ka zaro shi za ka ga kwarmin biyu duk sun cika da ɓarɓashi daidai wa daida. Kwarmi ɗaya cike ɗaya fayau, kaifi ɗaya ne ke aiki, ƙara wa wannan mai aikin ja biyu don ya sauko daidai da ɗan'uwansa. Gari mai laushi kamar hoda maimakon ɓarɓashi, ga ramin na ƙyalli, gangaren ne bai isa ba, rage bayan fuskar. In kuma yana cafkar katako yana tsayawa, ko bakin kaifin ya ɓantare, gangaren ya yi yawa kaifin ya rasa abin da zai jingina da shi. Mayar da tsinken cikin ramin da ya huda ka girgiza, in yana rawa sosai tsinin ba ya tsakiya.

To, sai mai shuɗin. Tsofaffin tsinkayen nan yawanci ƙarfe ne mai kabon da aka ƙona aka tsoma aka ba shi tauri, ba irin na dirilin lantarki na yanzu ba da ke jure zafi har wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos. Irin naka, da zafi ya kai wajen 230 zai fara yin ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshiyar ciyawa, a wajen 300 ya yi shuɗi, kuma kafin nan taurin da kaifi ke buƙata ya ragu. A abu siriri haka, daƙiƙa ɗaya ko biyu a kan inji ta isa. Tsoma shi a ruwa bayan ya yi shuɗi ba ya dawo da komai, goge launin da samfefa ma ɓoye ciwon ne kawai. Abin daɗin shi ne lalacewar iyakarta inda launin ya tsaya da ɗan abin da ya wuce. Ɗauki ƙaramin magagari mai laushi ka shafa a kan wurin. Inda ya ci ƙarfen, wurin ya yi laushi. Inda ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, taurin na nan. In shuɗin bai wuce milimita biyu ko uku ba, goge shi a tsaye a kan fuskar dutse mai kaushi har ka wuce wurin, bakin ya zama a yanke daidai ba tsini, sannan ka fito da fuskokin biyu daga farko da katakon nan mai rami. Zai ɗauke ka lokaci, yi shi da yamma bayan an tashi aiki. In shuɗin ya ci rabin kwarmin, ajiye shi don huda farin katako kawai, zai yi ta yi kana wasawa akai-akai.

Haka ake yi wa wanda ya karye. Sai dai ka lura, sau da yawa ƙarfen da ke tsakanin kwarmin biyu yana ƙara kauri in ana matsawa wajen gindi, don haka gajeren layin nan na tsakiya zai fi na da tsawo, shi kuwa ba ya yanka, murƙushe katako yake yi. Tsinken da aka rage sosai zai buƙaci ƙarin ƙarfi. Soki wurin da basilla kafin ka ɗora shi, ya sauƙaƙa masa.

Ƙananan biyu, 1/16 da 5/64, in suna cikin waɗanda suka rage maka, ka lallaɓa su. Lamba 1000 kaɗai, ja biyu ko uku a kowace fuska, kuma bakin da zai leƙo daga yatsunka ko daga katakon ya zama gajere ƙwarai don kada ya lanƙwashe. Yawancinsu ba dakushewa ke kashe su ba, karkata hannu ne a tsakiyar dannawa. Tsaya a kan aikin yadda dirilin zai miƙe da hannunka, kuma in ramin mai zurfi ne ka riƙa zarowa kana share kwarmin, domin miƙaƙƙen kwarmi ba ya fitar da gari sama da kansa kamar murɗaɗɗe.

Wasu katakan suna cin kaifi fiye da yadda taurinsu ya nuna. Loko yakan ɓoye wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikin jikinsa, sinadarin alli ne, in tsinke ya ci karo da shi sai dai ka sake washi. Filawud da allon MDF, wanda ake matse garin katako a yi, gam ɗin da ke cikinsu ne ke goge baki, ni ba na ɓata tsohon tsinke a kansu, dirilin batir da tsinken kasuwa sun ishe su. Katakon da aka cire daga wajen zubin kankare ko wanda ya kwana a ƙasa yashi da siminti sun shige shi, kankare wurin kafin ka huda. Da damina kuwa, ka san yadda Jos take jiƙewa a watan Yuli da Agusta, shafa musu ɗan mai kafin ka mayar da su cikin mariƙin, tsatsa in ta ci bangon kwarmi daidai wurin kaifi ta bar ramuka, duk washin da za ka yi kaifin zai fito da giɓi har sai ka wuce wurin.

Guraben ukun da suka ɓace kuma ana iya cike su. Ƙusar katako da kafintoci ke yanke wa kai su dake bakin tana huda farin katako, amma ƙarfenta ba ya ɗaukar tauri ko ka ƙona ta ka tsoma. Ƙusar kankare ita ce mai ɗauka. Zaɓi wadda kaurinta ya yi daidai da gindin tsinkenka ko ya ɗan fi, ƙona ta ta yi ja a gawayi, a waje inda iska ke kaɗawa saboda hayaƙin farin rufin da ke jikin wasu, ka bar ta ta huce a cikin toka. Yanzu magagari zai ci ta. Yanke kan, ajiye tsohon tsinke a gefenta ka kwaikwayi yankan gindin da gurbin har ta shiga bakin dirilin ta kama. Rage gaban zuwa kaurin da kake so, ka goge shi ta gefe biyu ya yi faɗi kamar bakin ƙaramin sukudireba, faɗin bakin ya ɗan fi wuyan da ke bayansa don kada ya cije, sannan ka yi masa fuskoki biyu masu gangare irin waɗanda na kwatanta. Mayar da bakin kaɗai cikin wuta ya yi ja, tsoma a mai, goge shi ya yi fari, sai ka ɗumama daga wajen gindi a hankali kana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da ruwan busasshiyar ciyawa ya iso bakin, tsoma a ruwa. In kana da maƙeri da kuke shiri, kai masa wannan ɓangaren na wuta, ka riƙe washin a hannunka. Ba zai fitar da gari kamar mai kwarmi ba, sai ka riƙa zarowa akai-akai, amma ramin sukurun hinji mai zurfin rabin inci ba zai gagare shi ba.